Mama Afiniki, Mai Buga Takardun da Ta Tsaya a Babi na Tara

In dai ba Lahadi ba ce, ƙarfe bakwai da rabi na safe kan tarar da Mama Afiniki Bulus a ƙofar shagonta da ke kan hanyar tashar jirgin ƙasa a Kafanchan. Takan share gaban shagon, ta haɗa da na maƙwabcinta mai gyaran agogo, ta yaye tsohon zanen da take lulluɓe kwamfuta da shi, ta sunkuyar da kai ta yi gajeriyar addu'a. Sai ta goge tabarau da bakin zani, ta ɗago ta dubi wanda ya fara zama a kan benci, ta ce, "To, me ka kawo mana?"

Shekara talatin da huɗu ke nan tana wannan tambaya. Da tafireta ta fara, lokacin da kuskure guda kan sa a sake shafi gaba ɗaya, daga baya ta koyi kwamfuta a hannun 'yarta Lucy. Takardun neman aiki, koken tsofaffin ma'aikatan jirgin ƙasa, tsarin sujadar aure, furojet ɗin ɗaliban kwalejin ilimi ta Gidan Waya, duk sun bi ta ƙarƙashin yatsunta. A ƙarshen watan nan za ta rufe shagon, domin cutar yanar ido ta fara rufe mata idon dama, likita kuma ya ce ya isa haka. Ba a taɓa ba ta lambar yabo ba, ba ta kuma taɓa nema ba. Shi ya sa na ga bai kamata ta tafi shiru ba. Na yi ƙoƙari kada in rubuta komai a nan sai abin da na gani ko na ji daga bakin waɗanda abin ya faru da su.

Masu buga takardu suna da yawa a garin, wasunsu ma sun fi ta sauri. Abin da ya bambanta ta guda ɗaya ne: Mama ba ta buga abin da ba ta karanta ba, ba ta kuma wuce abin da ba ta gane ba. Wani dattijo ya taɓa kawo mata wasiƙa mai zafi da ya rubuta wa ƙanensa a kan iyakar gona. Ta buga masa tsaf, ta jefa a aljihun tebur, ta ce, "Baba, tawada bai bushe ba, ka dawo jibi." Da jibin ta zo, shi da kansa ya ce a yaga. Ni ma da na kai furojet ɗina na difloma, ta sa yatsa a kan wani sakin layi ta ce in bayyana mata shi da bakina. Na kasa, domin kwafo shi na yi. Sai kawai ta miƙo mini takarduna. Har yau ina jin zufar da ta keto mini a wannan rana.

Amma labarin da ya sa na ɗauki alƙalami na Raliya Nuru ne, marubuciyar da littafinta na farko ya fito bana.

Raliya 'yar Malam Nuru ce, mai sayen busasshiyar citta a kasuwa, a ɗura a buhu a kai Legas. Da ta gama kwaleji, ta roƙi mahaifinta shekara guda ta kammala wani ƙagaggen labarin kimiyya da take rubuta wa matasa 'yan sakandare. Ya yarda bisa sharaɗi: in shekarar ta cika babu wanda ya karɓi littafin, za ta tattara littattafan rubutun ta sa a akwati, ta daina maganarsu. Sai ga wani kamfanin ɗab'i a Abuja ya yi shela yana neman sababbin marubuta, za a rufe karɓa ranar ƙarshe ta Afrilu, daidai da cikar wa'adin. Saura kwana goma sha biyu Raliya ta shigo shagon Mama rungume da littattafan rubutu guda bakwai, duk cike da rubutun hannu.

Labarin kuwa na wata yarinya ne 'yar shekara goma sha huɗu, a cikin kumbon da ya yi shekara arba'in yana tafiya zuwa wata duniya, bayan wata cuta ta ƙarar da citta a bayan ƙasa. Duk wanda ya ga yadda cuta ta ruɓar da gonakin citta a yankin nan 'yan shekarun baya ya san inda ta samo wannan tsoro. Mama ta shiga aiki, tana bugawa tana gyaɗa kai. Kwana biyu ta yi babi takwas. A rana ta uku da hantsi, yatsunta suka tsaya.

A babi na tara, yarinyar ta buɗe gwangwanin shayin kakarta, ta sami busasshiyar citta tsagaggiya, ta binne ta a lambun kumbon, ta tsiro, aka ceci iri. A kan wannan tsiro sauran babi goma sha ɗaya suka tsaya.

Mama ta cire tabarau. "Ɗiyana, zo nan. Wannan citta na gwangwani, wanda an tsaga an shanya ne?"

"Shi ne, Mama."

"To yarinyan naki zai jira har Yesu ya dawo. Busasshen citta ba ya tsiro."

Raliya ta yi 'yar dariya. "Mama, labarin kimiyya ne fa. Kumbon ma ai babu shi."

"Kumbo ban taɓa shiga ba, duk abin da kin faɗa a kai na yarda. Amma citta, tun ina ƙarama nake yanka iri. Sai ɗanye, mai ido. Ɗanyen ma in ya wuce damina ɗaya bai shiga ƙasa ba, ya mutu. Ke kin ba shi shekara arba'in a gwangwani!"

"Editan a Abuja yake, Mama. Ina ya san citta? Saura kwana tara. Don Allah ki buga kawai."

"Shi bai sani ba. Amma yaran da kin ce domin su kika rubuta, su ne suke ɗauko shi a kai daga gona. Takardanki ne, in kin ce in buga zan buga. Amma ba zan yi kamar ban gani ba."

Mama ta gaya mini cewa da yarinyar ta kwashe littattafanta ta fice ba sallama, ta daɗe tana kallon benci. Ta san wa'adin, ta san sharaɗin Malam Nuru, domin Raliya ta faɗa mata tun ranar farko. Ta tambayi kanta ko tsufa ne ya sa ta tsoma baki a abin da ba a tambaye ta ba. Wa ya aike ta? Idan yarinya ta rasa wannan dama saboda ita, da wane ido za ta dube ta a kasuwa? Ranar ko abincin rana ba ta iya ci ba.

Ita kuwa Raliya sitonsu ta nufa, ta ɗauki citta guda daga buhu ta tambayi mahaifinta ko za ta tsiro in an shuka. Malam Nuru ya yi dariya har hularsa ta faɗi. "A cikin buhunan nan kika girma, ashe ba ki taɓa ganin inda suke fitowa ba! Wa ya farkar da ke?" Da ta faɗa masa, sai dariyar ta tsaya. Ya ce, "Wadda ta gaya miki gaskiya alhali da ta yi shiru ba wanda zai zarge ta, ita kika bari? Koma ki ba ta haƙuri."

Washegari da safe Mama ta tarar da ita a ƙofar shago. Ba ta bari ta gama ban haƙurin ba. Ta mayar da kwaɗo ta kulle shagon, abin da maƙwabta suka ce ba su taɓa gani ba a ranar aiki, ta tsayar da masu mashin biyu, suka nufi gonar yayanta Eli a bayan Gidan Waya. Lokacin shuka ne. Eli ya yaye busasshiyar ciyawar da ya rufe irinsa da ita a gindin mangwaro, ya nuna wa Raliya idon citta, ya ba ta wuƙa ta yanka da hannunta, ya nuna mata yadda ake lulluɓe kunyar gona da ganye bayan an shuka. Raliya ta tambaye shi shekara nawa irin ya yi a wurinsa.

"Na mamanmu ne," in ji Eli. "Ita ma na mamanta ne."

"To yaya bai mutu ba?"

Mama ta ce, "Wa ya ce bai mutu ba? Kowace shekara yana mutuwa. Wani ne dai yana tashi ya sake sa shi a ƙasa."

Raliya ta zauna a kan kunya, hannu duk ƙasa. Can ta ce, "Ke nan ba gwangwani ba ne. Mutane ne. Akwai matan da suke shuka ta a ɓoye a cikin kumbon, shekara bayan shekara, ko da dokar kumbon ta hana." Ta dubi Mama. "Haka ne?"

"Ni ba marubuci ba ne. Ki rubuta, ni in buga."

Kwana bakwai suka rage, da babi goma sha biyu da za a sake. Raliya takan zauna a benci tana rubutu, da ta cika shafi Mama ta karɓe tun biro bai huce ba. Duk wanda ya kawo aiki, Mama takan tura shi shagon gaba da haƙuri. Idonta na zubar da ruwa, tana gogewa tana ci gaba. Ranar da likitan ido ya sa mata ta faɗo cikin makon, ta aika aka ɗaga, Lucy ta yi ta faɗa a waya. Ranar Alhamis shugabar zumuntar matan cocinsu ta biyo sawu don ba a gan ta wurin koyon waƙa ba, Mama ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Ki gaya masu ina cikin kumbo, sai mun sauka." Duk da wannan gaggawa ba ta fasa halinta ba: sau biyu ta mayar wa Raliya da shafi, ta ce ba ta gane wa ke magana ba. Ranar talatin ga wata, ƙarfe uku da 'yan mintoci, aka tura littafin.

Bayan wata huɗu amsa ta zo. An karɓa. A wasiƙar, editan ya ce labaran kumbo sun zo masa da yawa, amma matan nan masu ɓoye iri ne suka hana shi ajiye wannan. Yau littafin yana hannun 'yan makaranta, Malam Nuru kuma ya ajiye kwafi guda a sito, duk direban da ya zo lodi sai ya nuna masa sunan 'yarsa. Raliya ta so ta sa sunan Mama a shafin godiya, Mama ta hana. Ta ce ba a rubuta sunan mai ɗinki a jikin riga.

Ni dai ban yi mata wannan alkawari ba. Mama Afiniki, ke ce mai karanta abin da wasu ke wucewa. Ke ce kika ɗauki takardar talaka da ta mai digiri da nauyi ɗaya. Da kin yi shiru a babi na tara, babu wanda zai ce kin yi laifi, amma kika zaɓi ɓacin ran yarinya na kwana guda a kan kunyar da za ta bi ta shekara da shekaru, sannan kika tsaya da ita har aka gyara, da idon da ke ciwo. Mun gode. Ubangiji ya ba ki lafiya, ya sa aikin idon da za a yi miki ya yi kyau, ya ba ki hutu mai daɗi.

Mu kuma da muke zaune a bayan kwamfuta, a ofis ko a shago, takardun mutane na wucewa ta hannunmu kullum, ya kamata mu ji kunya kaɗan. Mu riƙa karanta abin da aka miƙo mana. In mun ga rami mu faɗa, in mun faɗa kuma kada mu bar mutum shi kaɗai a bakinsa.

Makon jiya Raliya, wadda yanzu take koyarwa a Kajuru, ta zo shagon ta tarar ana kwashe kayan ciki. Tana riƙe da sabon littafin rubutu, babi uku na labari na biyu. Ta tsaya tana kallon wurin da kwamfutar take a da, ta ce, "Mama, yanzu wa zai tsayar da ni?"

Mama ta jawo bencin da ya rage, ta kakkaɓe shi, ta zauna a gefe guda ta bar mata ɗayan.

"Idona ne ya yi ritaya, ba kunnena ba. Zauna ki karanta. A hankali fa."