Irin Geron da Munka Ci Ranar Fentikos

Wata Asabar ce a farkon daminar shekarar da anka yaye ƙanena Sani. Ina tsugune a tsakar gidan Malam Bitrus, ina riƙe wa ɗiyarsa Rahila madubi, uwarta Saratu tana yi mata kitso. Malam Bitrus shi ne malamin ɗakin shan magani na ƙauyenmu, kusa da Tsamaye. Mutanen Zuru ne, kuma su kaɗai ne Kiristoci a garin. Darni ɗaya ya raba gidanmu da nasu, shi ma awaki sun cinye rabinsa. Tare da Rahila muke ɗebo ruwa, tare muke carafke a gindin itacen bedi har a aiko kiranmu. Ran nan sai ga kakata, wadda kowa ke kira Kaka, ta shigo neman maganin gwiwa. Ta ga an wanke fararen kaya an shanya, ta tambaya ko biki za a yi.

Saratu ta ce gobe idinsu ne, Fentikos. Kaka ta gwada faɗin sunan ya ƙi bakinta, Rahila ta ƙyalƙyale da dariya, uwarta ta ja mata gashi. Malam Bitrus mutum ne mai son bayani, ya jawo kujera ya zauna. Ya ce sunan ba Hausa ba ne, ba kuma yarensu ba, harshen Girkawa ne, ma'anarsa na hamsin, don kwana hamsin bayan idin Ista ake yin sa. Ya ce tun kafin Kiristoci Yahudawa ke da idin, suna kiransa Idin Makonni, sai waɗanda ke jin Girkanci a cikinsu sunka sa masa wannan suna. Yakan faɗo ne lokacin girbin alkamarsu, kowa ya zaɓi mafi kyawun abin da gonarsa ta fara ba shi ya kai ɗakin ibada.

Duk bayanin nan, na ƙarshen kaɗai Kaka ta ɗauka. Ta ce, "To ku ina hatsinku?" Saratu ta ce, "Kaka, mu yanzu addu'a ce da waƙa, kai hatsi na mutanen da ne." Kaka ta dubi gidan, ba rumbu ba gona, ta ce, "Idin hatsi ba hatsi, kuna maƙwabtana? Wagga kunya ba taku ba ce, tamu ce."

Abin da ya rage a rumbunmu lokacin tsohuwar dawa ce da ƙwari sunka huda, ba abin da za a kai wa mutum ranar idinsa ba. Hatsi mai kyau ɗaya ne a gidan, shi ne iri. Kowace kaka babana yakan bi dammuna yana zaɓen zangarniyoyi masu cika, ya ɗaure ya rataye a rufin ɗakin Kaka inda hayaƙi ke tsare su. Gero ne mai saurin nuna, wanda ya saba da jigawarmu, tun hannun kakanninsa ake riƙe da shi. Dokar gidan ita ce a shuka rabi, sauran ba mai taɓa shi sai an ƙare noman farko. Baba ya riga ya shuka rabin, ya tafi Burkusuma sayar da rago. Kaka kuwa ta je gona da ƙafarta ta ga shuka ta fito kore shar. Innata ta sassauta murya ta ce, "Kaka, da an jira mai gida." Kaka ta ce, "Ni na haihe shi. Shuka ta kama, mi za a yi da saura?"

Anka sauke zangarniyoyin, Innata ta sussuke, ni na ɗauki ƙwaryar a kai na kai. Saratu ba ta san iri ba ne. Ta so ta maido, Kaka ta leƙo ta kan darni ta ce in ƙwaryar ta dawo da hatsi ba ta ƙara taka gidansu. Washegari bayan sun gama waƙoƙinsu, Saratu ta dama fura ta toya waina, ta raba gida gida har gidan liman. Ni da Rahila munka zauna a kan turmi munka sha har cikinmu ya cika. Ban ƙara shan fura mai gardin wannan ba.

Daga nan ruwa ya ɗauke. Iska mai zafi ta riƙa kwasar rairayi tana binne shukar, wadda ta tsira rana ta ƙone ta. Da Baba ya dawo, gona ya fara biyawa, sannan ya shiga ɗakin Kaka ya ɗaga kai. Ina bakin ƙofa. Ya daɗe yana kallon igiyar da ba komai a jikinta. Kaka ta fara magana, ya ce, "Ba komi, Inna," ya fita. Ɗa ba ya yi wa uwarsa faɗa, shi ya sa ya riƙe abin a cikinsa har ya rame.

Ya zagaya gari neman iri, amma kowa shukarsa ta ƙone, kowa na tattalin ɗan abin da ya ajiye. Da Malam Bitrus ya ji irinmu ne sunka ci, ko abinci bai tsaya ci ba, ya hau kekensa zuwa kasuwar Sabon Birni ya sayo hatsi mafi kyau da idonsa ya gani. Shi ba manomi ba ne, bai san daga kudu anka kawo shi ba, inda damina ke da tsawo. Ruwa ya dawo munka shuka, ya yi tsawo ya yi ganye har mutane na tsayawa kallo, sai damina ta ƙare bai cika ido ba. Kara munka girbe. Da tafasa da dusa munka ci wannan shekara. Kullum Saratu na miƙo kunu ta kan darni don Sani, duk da haka bai ga damina ta gaba ba. Kaka ba ta ƙara shiga gidansu ba, ba don fushi ba, sai don in sun haɗa ido dukansu kuka suke yi. Ba a daɗe ba anka canza wa Malam wurin aiki, ban sake jin labarin Rahila ba.

Yau ina zaune a Isa cikin ɗakin aro, tun da 'yan bindiga sunka tashe mu. Gonar tana nan, ba mai iya zuwa. Da za mu gudo na ƙulle ɗan iri a bakin zane, ina cewa baɗi za ni shuka. Baɗi ta zo ta wuce, wata ma ta wuce. Bana na zuba kaɗan a fasasshiyar tukunya ina ba shi ruwa safe da yamma, 'ya'yana na tambaya mi nake jira, ko tsiro ɗaya bai fito ba. A da ko rashi ne, kana sanin hannun da ya kawo shi, har mai hannun ya zo ya taya ka kuka. Na yanzu ba wanda ya zo.