Ranar da Na Ga Gonata Daga Sama

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba zan manta da ranar da aka nuna mini gonata daga sama ba.

A lokacin, shekara uku ke nan ba na gaisawa da maƙwabcin gonata. Gonakinmu suna bayan Kore Mairuwa, layin gamba ne iyakarmu. Kowace kaka damman hatsina raguwa suke, rumbunsa kuwa cike. Na yanke a raina cewa tumɓuke gambar yake yana matso da ita cikin tawa. Ban taɓa kama shi ba, sai na ce ai wayonsa ne ya kai.

Ana nan wani malamin gona ya zo meri, ofishin magajin gari, da ordinatar, wato kwamfuta, ya tara manoma. Ya ce akwai ƙananan taurarin ɗan Adam, wani bai fi akwati ba, suna kewaya duniya suna ɗaukar hoton ƙasa. Wani dattijo ya ce, "Wa ya aiko su? Mai leƙen gonarka daga sama, niyya gare shi." Ni ma hankalina bai kwanta ba, amma na ga dama ta samu. Da aka watse na matsa kusa.

"Malam, abin ga naka yana da hoton shekarun baya?"

"Akwai, Baba."

"To, hiddo mini ɓarawon gona."

Muka gano gonar a hoton da babban gawon da ke tsakiyarta. Ya dinga sauya hoto, shekara bayan shekara. Iyaka tana nan inda take. Amma ta gabas, inda na sare kalgo da sabara don in ƙara fili, ga farin rairayin kori, hanyar da ruwan sama ya zaizaye, yana cin gonar, kowace damina yana faɗaɗa.

Na ce, "Kun haɗa baki da shi!"

Ya ce, "Ban ko san shi ba, Baba. Je ka auna da ƙafarka."

Na je na taka. Haka ne.

Kwana biyu ina jan ƙafa kafin na yi sallama a ƙofar maƙwabcina. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Tun bara waccan na ga korin. To, ƙaƙa zan gaya wa wanda ba ya amsa sallamata?"

Tun daga ranar na gane cewa mai zargi gefe guda yake kallo, ɓarna kuwa tana shigowa ta inda ya juya baya.