Tuovi da Turakun Mota

Wata uku ke nan da faɗuwar Baba, amma har yau in waya ta yi ƙara da safe sai in zabura. Ina so in rubuta wani abu a kan matar da ta sa har yanzu ina da uba.

Sunanta Tuovi, mu yaran benenmu a garin Kuusamo, can ƙasar ƙanƙara, Gwaggo muke ce mata. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana tuƙa motar gidan waya zuwa ƙauyuka, sai da idonta ya yi rauni ta ajiye tuƙi ta sayar da motarta. Amma tsakar gidan da muke ajiye motoci ba ta bar shi ba. Kowace mota da turkenta, kowane turke da akwatin wuta da ɗan agogo a ciki. Da yamma ka jona igiyar wuta daga hancin mota zuwa turke, ka saita lokacin da za ka fita, hita ta kama aiki awa biyu kafin nan, ta ɗumama inji ta narkar da ƙanƙarar gilashi, sannan ta ɗauke. Tsohon mai kula da benen ya bar wa Gwaggo makullin da ke buɗe akwatunan duka, kuma ba wanda ya iya karɓe shi. Kullum da safe tana zagayawa da sandarta. Wanda ya tafi ya bar igiya tana reto a turke, zai tarar an naɗe ta an rataye masa a ƙofa, da takarda mai kalma biyu. Mutane suna gunaguni, suna cewa ta san lokacin fitar kowa fiye da matarsa.

Babana, Pentti, shi ne babban abokin faɗanta. 'Yar leƙen asiri yake ce mata, ita kuma ta ce masa marowaci. Tun rasuwar mahaifiyata yake zaune shi kaɗai, ga hawan jini. Da na gama jami'a a Oulu na dawo gida, wai kafin in sami aiki, amma gaskiyar ita ce tsoron barinsa nake yi. Kullum ƙarfe takwas yake tayar da mota ya tafi gidan mai, inda tsofaffin abokansa suke majalisa a kan kofi.

A watan Janairu aka kira ni ganawar neman aiki a Oulu. Na ce ba zan je ba, Baba ya ce in ban je ba shi zai tafi a madadina ya kunyata ni. Na hau motar asuba, na bar shi yana sauraron rediyo. Sanyin ranar ya kai digiri talatin da biyu ƙasa da sifili.

Abin da ya biyo baya daga bakin Gwaggo da maƙwabcinmu Eino na ji shi. Wajen takwas da rabi ta iso kan motar Baba. Igiya na jone, ƙanƙarar gilashin ta narke, amma ta fara sake kama gefensa. Ta buɗe akwati ta ga agogon a kan takwas. Eino yana kankare tasa motar, ya ce mata ta rabu da bawan Allah, wataƙila barci ya kwashe shi, ko ya fasa fita saboda sanyi.

“Pentti ne zai ƙona wutar awa biyu a banza?” in ji ta. “Da ya fasa, da ko da rigar barci ya sauko ya cire igiyar nan.”

Ta hau hawa uku da gwiwoyinta masu ciwo. Ta buga ƙofa, ba amsa, sai muryar rediyo. Ba ta tsaya shawara da kowa ba, ta kira motar asibiti, ta sa Eino ya kira mai kula da bene ya kawo makulli. A ƙasan banɗaki suka same shi, ɓarin jikinsa na dama ya saki, baki ya karkace. Likita ta ce mini daga baya, da an ƙara awa ɗaya da wani zancen ake yi.

Ni a lokacin ina zaune gaban mutum uku ina ba su labarin karatuna, wayata a kashe. Wannan ne abin da na kasa yafe wa kaina.

Bayan mako biyu suka rubuto daga Oulu cewa sun ɗauke ni aiki. Ban gaya wa Baba ba. Na sauka wurin Gwaggo na ce mata zan ƙi, domin yanzu an hana shi tuƙi, babu sauran agogon da zai tona cewa ya faɗi. Ta zuba mini kofi, ta yanka baƙin burodi, ta bar ni na yi kukana har na gama. Sannan ta tambaye ni shekara nawa nake shirin zama ina gadin numfashinsa, kuma wa zai gode mini.

“Outi, 'yar nan, ki tafi aikinki,” ta ce. “Majalisarsa ta dawo kicin ɗina. Ƙarfe takwas. In ya wuce da minti biyar, na hau.”

Da aka sallamo Baba ta faɗa masa haka a gabana. Maganarsa ba ta gama dawowa ba, amma ya tattaro ƙarfinsa ya ce kofinta ruwan wanke kwano ne. Ta ce ai kyauta ne, don haka ta san ba zai taɓa fashi ba.

Na fara aiki a watan jiya. Har yanzu hankalina bai kwanta ba, ba zan ɓoye ba. Takwas da minti goma nake kiranta daga tashar bas a Oulu. Yawanci ba ta ko gaishe ni, sai dai ta ajiye wayar a kan tebur, in ji su biyu suna musu a kan ko sanyin bana ya kai na shekarar da aka haife ni. In na ji muryarsa, sai in kashe in shiga mota.