Gwaggo Fei da Ƙofar Ɗakin Tsutsa

Kafin rana ta leƙo, Gwaggo Fei Yinzhu ta riga ta dawo daga gona da kwandon ganyen sang, abincin tsutsar siliki, a bayanta. Ba ta ba tsutsar siliki ganye mai raɓa, don haka sai ta shimfiɗa shi a inuwa ya sha iska. Ta wanke hannu har gwiwa da ruwa zalla, ba sabulu, sannan ta tura ƙofa. Faifan gora goma sha biyu ne a jere kan katako, kowanne fari fat da tsutsa. Tana zuba ganye tana yi musu magana. "To, 'yan lelena, ga shi nan, kada a yi faɗa." Wata guda cur ba ta soya kifi a gidanta, ba ta cin tafarnuwa, ba ta zuwa biki, saboda halittar nan ba ta son wari ko ƙamshi. Haka take yi tun tana amarya. Bana ta cika saba'in da huɗu, gwiwa ta ƙi, ta ce ta ajiye sana'ar.

Ni ce Shan Weiru, malamar 'yan aji biyar a birni. Shekara goma sha bakwai ke nan ina ɗebo yara a motar makaranta in kawo su ƙauyen nan su ga yadda kakanninsu suka rayu. Mukan tsaya a tsohuwar gadar dutse, mu shiga zauren kakanni su karanta rubutun da ke jikin ginshiƙai, mu ci dafaffiyar shinkafa ƙunshe cikin ganye. Amma ka tambayi kowane yaro abin da ya gani, ɗakin Gwaggo zai ce maka.

Asali ba a shiga ɗakin. In watan tsutsa ya kama, kowane gida manna jar takarda yake yi a ƙofa, ko maƙwabciya ba ta leƙowa aron gishiri. Shekarar farko, a zauren kakanni aka zaunar da Gwaggo, aka ba ta tsutsar roba ta nuna wa yara. Sai wata yarinya ta ɗaga hannu.

"Kaka, ta gaskiyar ma batir ake sa mata?"

Gwaggo ta dube ta, ta dubi robar. "Ke ba ki taɓa ganin mai rai ba?"

"A littafi dai."

Ta jefa robar cikin aljihu ta miƙe. "Ku biyo ni."

Ranar ta buɗe ƙofar da ba a buɗewa, jar takardar na manne a jiki. Sharaɗinta ɗaya ne. Takan tsaya a bakin ƙofa ta sunsuna kowane yaro, wuya da hannu. Wanda uwarsa ta shafa masa maganin sauro ko turare sai ta nuna masa matakalar kogi. "Kai, ƙamshinka ya fi na amarya. Je ka wanko." Ni ma ba ta bar ni ba.

A ciki kuwa ba ta koyarwa irin tamu. Shiru take sa su yi har sai sun ji ƙarar cin ganyen, kamar yayyafi a kan rufi. Daga nan tambayoyi su ɓalle. Suna da ido? Me ya sa waccan ta ɗaga kai ta sandare? Zaren daga baki yake fita ko daga baya? Wanda ta sani ta faɗa. Wanda ba ta sani ba sai ta ce, "Shekara hamsin ina kallonsu ban gano ba. Kai da ke da sabon ido, matso ka duba mana." Ita ma ba ta rasa nata tambayoyin. Na ji ta tsare wani yaro wai lallai ya bayyana mata yadda ruwa ke hawa bene na talatin, har sai da ya zana mata a ƙasa da tsinke. Na ga yarinyar da ke ihu in ta ga tsutsa ta fito da guda a tafin hannu, tana tafiya a hankali kamar ta ɗauko ƙwai.

Gwaggo, ke ce kika mayar da shafi biyu na littafin tarihi abu mai motsi a tafin yaro. Ni albashi ake ba ni in yi hakan, ban iya ba.

Yanzu bari in faɗi abin da ya sa rubutun nan ya yi mini nauyi.

A zuwanmu na biyu, bayan mun fito daga ɗakin, Gwaggo ta tafi dafa mana shayinsu na wake mai gishiri, ni kuma na kai yara gona su taya ta tsinkar ganyen yamma. Sauro ya far musu. Ƙafafun wata yarinya suka yi ruɗu-ruɗu tana kuka. Na zaro gwangwanin feshi daga jakata, na jera su, na feshe kowa tas, a tsakiyar itatuwa, kwanduna a buɗe kusa da mu. A tunanina na 'yar birni, ɗaki aka hana, ai nan waje ne. Muka kai mata ganyen, ta yaba, muka hau mota.

Bayan mako guda na ji labari. Tsutsa ta yi ta kaɗa kai tana amai, faifai tara suka mutu cikin kwana biyu. Uku ne suka tsira, ƙanana waɗanda ake ba su ganye mai laushi daga bayan gida. Ina jin haka na san ni ce. Na ɗauki waya na ajiye ya fi sau goma. Sabuwar malama ce ni, ina tsoron shugaban makaranta, ina tsoron a soke tafiyar, amma gaskiyar ita ce kunya ce ta fi yawa. Na ja bakina na yi gum.

Ita ta ɗauki laifin. Baba Kuang, yayan marigayi mijinta, shi ne babba a gidan, ya tsaya a tsakar gida ya ce ga abin da ake gudu, an buɗe wa baƙi ƙofa. Mata suka daina karɓar irin ƙwan tsutsa daga hannunta. Tun daga lokacin, duk shekara in motarmu ta tsaya, Baba Kuang na zaune a kan gada, sai ya juya mana ƙeya. Na ɗauka shi ke nan, an gama da mu. Amma da shekara ta zagayo sai ga saƙonta: ki kawo su ranar da tsutsa ta tashi daga barcin sauya fata na uku, lokacin sun fi kyan gani.

Na daɗe ina mamakin wannan mata. Wace irin zuciya ce za ta yi asara haka ta sake buɗewa? Na yanke wa kaina cewa ita dai ba ta yarda da camfi ba, ta san ba ƙofa ba ce. Wannan bayanin ya yi mini daɗi, saboda ya sauƙaƙa mini shirun. Shekara goma sha biyar ina shan shayinta a kan haka.

Bana da muka zo, bayan yara sun fita, ta zaunar da ni a kan benci. Ta ce ɗakin zai koma hannun jikar Baba Kuang, yarinya mai hankali, ita ma tana son yara. Sai dai tsohon ya rantse, in dai yana numfashi, ba za a sake buɗe wa 'yan makaranta ba.

"Kuma ban ga laifinsa ba, Malama," in ji ta. "Ni ma ban san abin da ya kashe su ba. Na sunsuna ku duka. Na wanke faifai da toka. Na juya abin nan a kaina har na gaji. Wataƙila tsofaffi sun san wani abu da ban sani ba. Ba zan ɗora wa yarinya abin da ni kaina nake tsoro ba."

"Tsoro, Gwaggo?"

"Af, ke ba ki lura ba? Duk ranar da na buɗe muku ƙofar nan, hannuna rawa yake yi. In kun tafi, kwana uku abinci ba ya wuce mini."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na faɗa mata komai, gwangwani, gona, kwanduna. Ina jira ta zage ni. Sai na ga ta matso, idonta ya buɗe irin na yaran ajina.

"A gona? Wane layi?"

"Na bakin rafi."

"Kwandunan a rufe ko a buɗe?"

"A buɗe."

"Iska daga ina take?"

"Gwaggo, ina zan tuna iska?"

Ta tafa hannu. "Shi ya sa ƙananan suka tsira! Ganyensu daban! Kai, kai, kai. Ashe abin a gabana yake." Ta yi dariya har da hawaye, sannan hawayen suka ci gaba bayan dariyar ta ƙare. Ta share da haɓar riga, ta dube ni sama da ƙasa. "Amma ke muguwa ce, Malama. Ga ki shiru-shiru da tabarau. Tashi."

"Ina za mu?"

"Ni kin faɗa mini. Saura mai ƙeya."

Ta riƙe hannuna gam, tana ɗingishi, har kan gada. Baba Kuang ya haura tamanin da biyar, kunne ya tafi. Mata na wanki a matakala, ɗalibaina arba'in na zaune a gefe suna zanen gadar. Na durƙusa na yi magana a hankali.

"Me take cewa?" ya tambayi Gwaggo.

"Ɗaga murya, Malama. Ai a aji kina da ita."

Na ɗaga.

"Wa ya yi feshi?"

"NI CE, BABA! NI NA FESA MAGANIN SAURO A KAN GANYE!"

Wanki ya tsaya. Fensir arba'in suka tsaya. Wani ɗan ajina, wanda na sha hukunta shi kan ƙarya, ya buɗe baki ya kasa rufewa. Tsohon ya juya ga Gwaggo.

"To me na ce? Na ce baƙi ne suka kashe su. Ga shi ta faɗa da bakinta."

"Yaya, ka ce ƙofa ce. Wannan kuwa ba a cikin ɗakin ta yi ba."

"Baƙuwa ce dai."

"Baƙuwa ɗaya, babba, mai takardar shaida. Yaran fa, me suka yi?"

Ya dubi yaran, karo na farko da na ga ya dube su. Yarinyar da ke kusa da shi ta juya masa takardarta ya ga zanen. Ya ce ramin gadar uku ne, ita ta zana biyu, ta gyara. Ya yi tsaki, ya jawo sandarsa.

"Yara su shiga," ya ce. "Malamai su tsaya a nan kan gada tare da ni. Da jakunkunansu."

Haka aka yanke, kuma ban ɗaukaka ƙara ba. Baɗi jikarsa za ta buɗe ƙofa, ni kuma ina kan gada.

Gwaggo Fei, mai hancin da ba a yi masa wayo, na gode. Na gode a madadin yara sama da ɗari shida da suka san siliki daga bakin wata 'yar halitta yake fitowa. Na gode da ba ki ce kin yafe mini nan take ba, kika ce sai na tsinko miki ganye kwando ashirin tukuna. Na yi sha ɗaya, bayana ya gaya mini. A da ina yabonki a kan ba kya tsoro. Ashe ban san ki ba. Ke ce kika zaci wataƙila ke kika jawo asarar, aka juya miki baya a cikin danginki, kuma duk da haka kika ga bai kamata yaro ya girma yana zaton abin da kakanninsa suka rayu a kai roba ne ba.

Ku da ke riƙe da wata tsohuwar sana'a a bayan ƙofa, masaƙa, maƙera, masu gini, ku bari yara su shigo su gani tun kuna nan. Za su yi ɓarna wani lokaci, ko manyansu su yi. Ku kuma irina, da kuka san wani na ɗauke da laifinku, kada ku jira sai ya tsufa. Ni na jira, kuma tsohuwa ta yi shekara goma sha biyar tana buɗe wa 'ya'yan wasu ƙofa da hannu mai rawa, a kan abin da ba ita ta yi ba.