Farin Yadi a Bakin Ƙofa

Wata uku bayan mun binne ƙanena na samu aikin, ba kuma nemansa na yi ba. Wani abokin mahaifinmu ne ya gaji da ganina a ƙofar gida ina kallon kaji, ya kai ni wurin wata Hajiya da ta zo daga Gusau za ta buɗe babban shagon yadi da kayan masarufi a nan Talata Mafara. Ta yi karatun kasuwanci mai zurfi, ta ce ko ƙusa ɗaya ba za a buga ba sai an bi ƙauyuka an ji ta bakin mutane. Ta ba ni babur da damin takardu. Tambaya uku ce a kowace takarda: me kuke yawan saye, ina kuke saye, me ke faranta muku rai wurin mai shago. Babu inda aka ce a tambayi dalili.

A lokacin ba na jin komai. 'Yan bindiga sun tare motar da ƙanena ke ciki a hanyar Maradun, aka kawo mana gawarsa da azahar. Ni na je kasuwa na sayo likkafani, aka yi masa sutura, na dawo na ci tuwo har da ƙari. Inna ta yi ta kallona tana jiran hawaye har ta haƙura.

Na zaga Bakura, na shiga Dakko, na gangara Kaya. Gaisuwa ta fi tambayoyin cin lokaci. Sai an tambayi gida da gajiya da damina kafin in fito da biro, sannan a yi mini dariya, wai yau ga ɗan boko zai rubuta gishiri a takarda. Amsoshin kusan iri ɗaya ne: man girki, sabulu, gishiri, atamfa in salla ta matso. Sai kuma farin yadi.

A Kaya wani dattijo ya shimfiɗa mini tabarma a zaure, ya sa aka damo fura. Da na yi masa tambayar farko sai ya daɗe yana kallon ƙafarsa.

"Mi muka yawan saye? Bana dai hwarin yadi, ɗana."

Ya ɗago ya dube ni, ya ga na gane. Na kuwa gane sarai. Na sunkuya na rubuta "farin yadi", na wuce tambaya ta biyu. Da zan tafi har na ce masa in ya shigo Mafara ya nemi shagonmu.

Na san yadda ake sayar da wannan yadin, tunda ban daɗe da saye ba. Tsohon da ke rumfar yadi a kasuwa a ƙarƙashin tebur yake ajiye shi. Ba ta gaba ake zuwa ba, ta gefen rumfa ake tsayawa. Ba doguwar gaisuwa, ba ciniki. Abin da zai tambaya kawai, namiji ko mace, babba ko yaro. Ya yanka, ya naɗe a baƙar leda, ya ce Allah ya jiƙan rai, ya kau da kai don ka samu ka tafi.

Da na gama zagaye, Hajiya ta manna takardun duka a bango, tana bi tana zagaye kalmomi da jan biro. Ba sakarya ba ce, ta fi ni kai nesa ba kusa ba. Amma maza ke zuwa sayen likkafani, ita ba ta taɓa tsayawa a gefen rumfa ba.

"Malam, wannan farin yadin fa? Ko'ina sai na gan shi. Jallabiya suke ɗinkawa?"

Kalma ɗaya ce amsar, tana bakina. Amma in na faɗe ta sai na faɗi inda na san ta, ni kuwa ko sunan ƙanena ban sake kira ba tun ranar.

"Suna dai saye, Hajiya," na ce.

Shi ke nan ta yanke shawara. Abin da aka fi nema shi zai tari mutum a bakin ƙofa, a sa masa fitila. A tambaya ta uku kuma kowa ya ce yana son fara'a, a gaishe shi da kyau, a ce ya sake dawowa, don haka ta koya wa ma'aikatanta hakan har suka haddace. Ina zaune aka tsara komai, ni na ma riƙe wa kafinta tsani.

Shagon ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Mutane suka yi ta shigowa kallo, suna ratse farin yadin kamar masu ratse kwata. Hajiya ta ce sabon wuri ne, za su saba.

Wata Talata da hantsi ina jera sabulu sai ga dattijon nan na Kaya. Tsohon nan mai rumfar yadi ya yi tafiya, aka kwatanta wa dattijon shagonmu. Ya tsaya a waje yana duba gefen gini, yana neman inda ake tsayawa. Babu gefe, ƙofa ɗaya ce, ta gilashi. Ya shigo cikin jama'a.

Wata ma'aikaciya da Hajiya ta kawo daga Gusau ta tare shi da murmushi har kunne. Ta tambayi gida, ta tambayi iyali. Ya ce lahiya lau.

"Baba, wanne za a ba ka? Ga mai kyau nan, ko sau nawa aka wanke shi ba ya komawa ja."

"Ba a wanke shi, ɗiyata. Na mutum biyu. Babba da ƙarami."

Ta auna, ta yanka, ta tambaye shi ko a haɗa da maɓalli. Ta saka a ledar shago mai furanni. Taku biyar ne tsakanina da su, sabulu na hannuna, ban motsa ba.

"Mun gode, Baba. Sai ka sake dawowa."

Ya karɓi ledar, ya juya ta yana neman yadda zai ɓoye furannin, ya tura ta cikin babbar riga.

"To," ya ce. "Da wuya ban dawo ba."

A bakin ƙofa ya gan ni. Bai yi fushi ba, da ma ya yi. Ya dube ni irin duban da ya yi mini a zaurensa.

"Ɗana, ai na hwaɗa maka."

Bayan ya fita na kashe fitilar, na sungumi bandirin yadin na nufi bayan shago. Hajiya ta taso tana tambayar me nake yi.

"Likkafani ne, Hajiya. Na ƙanena ma irinsa ne."

Ta dafa tebur ta zauna.

Da na koma gida Inna ta ajiye mini tuwo kamar kullum. Na gutsura na kai baki, ya ƙi wucewa.