Ɗaya Goma Sha Ɗaya a Jere

Shekara tara ina koyar da lissafi a wata sakandare a Kusada, kuma kowace shekara sai na yi wa sabbin ɗalibai burga iri ɗaya. Nakan jera ɗaya guda goma sha ɗaya a allo, 11,111,111,111, in ce wannan firam ce, wato ba ta rabuwa daidai sai da ɗaya ko da kanta. Hujjata ita ce sha ɗaya ba ta rabuwa, don haka ɗaya sha ɗaya a jere ma haka. Ban taɓa gwadawa ba. Daɗin faɗi kawai take min.

A wani taron malamai a Kankia, gab da dogon hutu, na sake wannan burga. Wani malami da ya girme ni ya latsa wayarsa, ya dube ni ya ce, "Malam, lambar nan hwa tana rabuwa. In gaya maka da mi?"

Kunya ta rufe ni, taurin kai ya biyo baya. Na ce ya riƙe amsarsa. Bakina ya yi ɓarnar, hannuna zai gyara.

Kalkuletata lamba goma take ɗauka, wayata kuwa 'yar tocila ce. Sai biro da takarda. Na tono tsohon littafina na kwaleji, na sami ƙa'idar da ta rage min hanya: duk firam ɗin da zai raba irin wannan lamba, sai ya zama ninkin ashirin da biyu an ƙara ɗaya. Na fara da 23, sai 67, sai 89. Kowanne ya bar saura.

Damina ce. Da safe ina gonarmu ta Mawashi, bayan la'asar ina zaure ina doguwar rabawa. Duk lambar da ta ƙi, sai in ja layi da gawayi a bango, yadda mahaifina yake ƙirga damman gero a jikin rumbu. Matata ta leƙo wata rana ta ga bangon ya yi baƙi.

"Malam, wanga wane irin aiki ne? Mutum ya ce zai hwaɗa maka, ka ƙiya. To in ka gama ka shahe min bango."

Sau biyu na yi tsalle na ce na samu, ashe kuskuren ɗebewa ne. A sati na huɗu na tsani lambar, na tsani kaina. Amma na riga na ce ba zan tsaya gaban aji da amsar aro ba.

Sati na shida, wata Laraba, na gwada 21,649. Na sauko da ɗayan ƙarshe, na ɗebe, sai sifiri. Amsa 513,239. Na ninka su sau uku don in tabbata, ɗayoyin nan suka fito reras. Na yi murna, amma ba ta daɗe ba, don a lokacin na tuna yawan waɗanda na sallama da ƙarya a ka.

Da aka koma makaranta na gaya wa ajina gaskiya. Wannan mai sauƙi ne. Sannan na hau babur zuwa wajen Yashe, inda wata tsohuwar ɗalibata take koyarwa yanzu. Na nuna mata takardar. Ta karanta, sannan ta ce a hankali, "Malam, ai ni ma hakanan nike koya masu. Har cewa nike kai ka gaya mani."

Na tambaye ta ajin yana ina. Ta nuna. Na ce ta ba ni alli.