Mai Fiyanon Benci

Sau ɗaya muka taɓa faɗa da shi, ranar da na ɗora matsamin ƙosai a kan littafinsa. Ya zabura kamar na taka masa jariri.

Ɗanladi nake ji ana kiransa, mutumin Jos ne, dogo, audugar masaƙar Bompai maƙale a gashinsa. Kullum in an tashi aiki sai ya sayi ƙosaina, ya buɗe littafin nan mai ɗige-ɗige kamar kashin ɓera a kan igiya. Wai waƙoƙin samarin Turawa masu gita ne aka rubuta don fiyano. Shi kuwa ba shi da fiyanon, bencina yake dannawa da yatsu goma, ido a lumshe. Can sai ya ja tsaki, ya soke layi da biro.

"Iya, wanda ya rubuta wannan bai saurari faifan ba. Ya zubar da rabin kiɗan."

Ji mini! Takarda tana yi masa waƙa, har yana raina ta. Ni waƙar niƙan uwata baiti biyu suka rage a kaina, bana ma ɗaya ya fara zamewa.

Ranar matsamin nan, da ya zabura, sai na ce, "Ɗan nan, rufe min baki. Kai an ajiye maka rabi. Ni wa ya ajiye min ko kwata?"